Saifar da Ba Saifa Ba

Na karanta labarin dauloli da yawa a bencin lakol, wato makarantar boko, masu tasowa da masu faɗuwa, kuma abin da na tsinta a cikinsu shi ne wannan: babu al'ummar da ke mallakar kanta sai ta san sunan kowane abu da ke cikin cikinta. Tuta ƙyalle ce, kowane tela zai ɗinka. Fadar shugaba tubali ce da siminti. Amma mutanen da za su farka cikin bijimi, su tarar da wata tsoka kwance ba su raɗa mata suna ba, waɗannan da sauran tafiya a gabansu. Na fara da wannan magana mai rawani ne don in jinkirta ɗayar, marar rawani: ni Isufu, ɗan Malam Habu na Cadawa, da kalma guda na ƙarar da shanun ubana, alhali ina zaune a ƙasar da ko shamuwa ba ta kaiwa.

A shekarar da aka sauke tutar Faransa, ni ƙaramin ma'aikaci ne a buron dabbobi, wato ofishinsu: in riƙe igiya a yi wa saniya allura, in cika takarda. Sabuwar gwamnati ta ce tana son likitocin dabbobi ƴan ƙasa. Aka tsinci mutum kaɗan za a aika waje, na faɗo ciki, ina jin don rubutuna ba ya karkacewa. Baba kuwa manomin gyaɗa ne, kuma duk abin da gyaɗa ta ba shi cikin shekara talatin ya mai da shi shanu, ya damƙa wa wani Bafillace mai suna Ja'e yana kiwo a fadamar arewa da gari. Har akwai wata tsohuwar saniya a garken da Ja'e ya raɗa wa Lakol, don ranar da aka haife ta aka kama ni boko.

A wannan fadama akwai saifa. Ga wanda bai taɓa gani ba: saniya tana tuƙa lafiya lau da safe, da hantsi sai a tarar da ita a ƙasa ta kumbura, baƙin jini na tsiyaya ta hanci. In an farka cikinta, sai a ga saifarta ta cika ciki, baƙa ƙirin, shi ya sa cutar ta ari sunan. Ƙasa ke ɓoye ta, ruwan farko ke tashinta. Akwai allurarta a buro, amma a bayan raƙumi take isowa cikin rana, wata shekara ta yi aiki, wata ta ƙi. Baba yakan yarda a yi ne kawai don ni ke riƙe da igiya. Abin da ya ce in koyo masa a Faransa ke nan, maganin saifa na tushe. Bai ce agogo ba, bai ce hula ba.

A Kotono, bakin teku, na fara ganin ruwan da ba a shayar da dabba da shi, na ce a raina wannan asara ce mai faɗi. Jirgin ya ajiye mu a ɗakin ƙasa, jikin inji. Kwana goma sha biyu ina amai. Ana iya cewa karatun ciki da nawa cikin na fara shi.

Marsai, ƙasar Faransa. Ina tsaye a bakin tasha da akwatina, ina rawar sanyi cikin rigar kaki, sai na ji an ce da Hausa, "Kai, ɗan ina?" Wallahi da uwata ce ta yi kiran, ban fi haka juyawa da sauri ba. Wani ƙato ne mai tsage a kumatu, ya ce a kira shi Sarja, tsohon soja ne.

"Cadawa? Kai! Ni Gazawa. Ashe maƙwabcina ne Allah ya jefo. To ɗan'uwa, da wannan ƴar riga za ka shiga sanyin ƙasar nan? Sai dai a aika wa tsohonka da kai cikin akwati."

Ya ja ni wani lungu, ya fito da kwat mai kauri, ruwan toka, har gwiwa. Ya ce ba ya karɓar komai daga ɗan gida, Allah ya kiyaye. Amma in ina da wani abu mai ƙanshin gida, ya riƙa kallo yana tunawa. Na buɗe akwati, ya zaɓi sakalar da uwata ta ba ni, saƙar hannu, wadda ta fi ni shekaru. Sai da jirgin ƙasa ya tashi na lura da abu ɗaya: mun yi sa'a guda muna hira bai tambaye ni damina ba. Mutumin Gazawa na gaskiya, ko a bakin kabari ka same shi, ruwa zai fara tambaya.

Daga nan sai garin karatu. Ba zan faɗi sunansa ba. Shi ma shekara biyu bai faɗi nawa daidai ba. A buron ɗalibai wata mata ta juya takarduna da yatsa ɗaya.

"Mushe Izufu, wuraren shanu sun cika."

A can kowane namiji Mushe ne, na san wannan tun ajin farko. Amma a bakinta na ji kalmar ta koma ma'anarta ta gida, ta dabbar da ta mutu ba yanka.

Na ce, "Madam, don shanu aka aiko ni daga Nijar."

"Nijeriya?"

"Nijar."

"To, sun dai cika."

Ta ce akwai wani likita a cikin gari yana neman mai taya shi aiki. Wata uku kawai, kafin wuri ya buɗe, kuma za a rubuta mini shi a matsayin koyo. Baƙo idonsa manya ne amma ba ya gani. Na sa hannu.

Likitan dogo ne mai sanƙo, mai kirki irin na wanda bai taɓa tuhumar kansa da komai ba. Duk ranar da na yi masa zancen shanu sai ya dafa kafaɗata ya ce gobe zai buga waya. Na raɗa masa Dokta Gobe, kuma da wannan suna zai zauna a nan. Ranar farko na tarar da mata a jere bisa kujeru, kowace rungume da kare, ko kyanwa a kwando, kamar ranar awon jarirai. A Cadawa kare na maharba ne da masu gadin gona. Ba a neman kalmar zaginsa, don shi kansa zagi ne. Malamai sun yi saɓani a kan ko yawunsa najasa ne. Uwata ba ta yi ba.

Aka ɗora wani ɗan kare mai teɓa a tebur. Ya ci kitsen agwagwa a wani biki, tun jiya yake amai. Sai ya miƙe ƙafafun gaba, ya kafa ƙirji a tebur, ya ɗaga ƙugu sama. Dokta ya yi murna.

"Duba, Izufu! Mu likitoci muna ce wa wannan zaman salla. Ka ga ɗan'uwanka?"

Na ce, "Dokta, bai fuskanci gabas ba."

Ya yi dariya har ya cire tabarau ya share, ya maimaita wa duk wanda ya shigo ranar. Ni kuwa na zagaya baya na wanke hannu sau bakwai.

Abin da ke yi wa karen ciwo, in ji shi, sunansa fankireyas. Ya nuna mini ita a cikin wata gawa: tsoka ce doguwa, fatsi-fatsi, mai gudaji-gudaji kamar nonon da ya tsinke, tana kwance bayan tumbi, manne da farkon hanji. Ita ke zuba ruwan da ke narkar da abinci, ita ke tsare sukari kada ya yi yawa a jini. Hanyar cin amanarta uku ce. Ko ta fusata ta kama cin kanta, kamar ta wannan mai salla. Ko ta bushe, dabba ta yi ta ci kamar kura tana ramewa. Ko ta saki sukari, fitsari ya yi zaƙi. Kare dai yana nunawa. Kyanwa ba ta faɗa: sai ta daina ci, ta shige ƙarƙashin gado, a gane abin da ya same ta bayan ta mutu. A duk gidan, kyanwa na fi fahimta.

Littafi Dokta yake rubutawa a kan wannan tsoka, kuma littafi yana son hannun da zai taɓa abin da marubuci ba ya son taɓawa. Aikina shi ne in dama kashin kare da ruwa a kwalba, in tsoma yankin fim na hoton ƙashi, in jira. In fim ya wanke ya yi garau, tsokar tana aiki. In bai wanke ba, ta mutu. Bahaushe yana kiyaye harshensa kada ya rikita kashi da ƙashi. Ni ga ni ina haɗa su a kwalba ɗaya don ci gaban ilimi. Wata uku suka zama shida.

Sai na zauna rubuta wa gida wasiƙa. Baba yana karanta ajami, kuma ba ya karanta wasiƙa shi kaɗai. A zaure yake karantawa, da ƙarfi, gaban duk wanda ya zo gaisuwa. Na gama gaisuwa, na gama labarin sanyi, na iso inda zan faɗi abin da nake koyo, sai kalma biyu suka tare mini hanya. Ɗaya ita ce kare. Wannan na tsallake ta kamar yadda ake tsallake kashinsa. Ɗayar ita ce fankireyas. Na bi kayan ciki ɗaya bayan ɗaya kamar mai kiran suna a aji: hanta, huhu, ƙoda, tumbi, maɗaciya. Kowa ya amsa, ita ba ta da wanda zai amsa mata. Sai na tuna a gawar da Dokta ya buɗe, wutsiyar tsokar tana kaiwa kusa da saifa. Maƙwabta ne. A garinmu kuwa in ba a san sunan mutum ba, da maƙwabcinsa ake kwatance. Na rubuta: ina karatun ciwon saifa.

Ba zan ce ban san abin da zai ji ba. Na sani. Na dai yi kamar alƙalami ne ya zame.

Amsa ta zo bayan mako shida. "Bayan gaisuwa mai yawa da sa albarka. Na ji ka ce saifa kake karatu. Alhamdu lillahi. Na karanta ma mutane sau ukku. Ja'e ya yi murna har malafarshi ta faɗi. Ka dage, kada ka kula da sanyi, wanda ya je ɗaukar wuta ba ya kukan hayaƙi."

Cikin wannan hali aka kawo Sultan. Sultan, wato Sarki. Na yi tunanin abin da dogarai za su yi wa mutumin da ya gwada wannan suna a kan karensa a Tibiri. Ƙaton kare ne mai kama da kyarkeci, amma ana ƙirga haƙarƙarinsa daga bakin ƙofa. Kwano uku yake ci a rana, ya koma ya ci abin da ya fitar. Mai shi wata tsohuwa ce, Madam Odil, tela, mijinta ya mutu ya bar mata keken ɗinki da wannan kare. Fim ɗina bai wanke ba. Dokta ya ce tsokar ta bushe, kuma magani ɗaya ne: a ba shi ta wata dabba, ɗanya, a yayyanka, giram ɗari a kowane ci, har ƙarshen ransa. Ya kuma ce in riƙa ɗauko ta da kaina daga mahauta kowace safiya, in auna, in kai gidan tsohuwar, in rubuta abin da ya fito.

Shanun farko da na gani a Faransa, a rataye na gan su, ba kai. Mai fid da kayan ciki wani dattijo ne ɗan Aljeriya, Ammi Sa'idu. Shi ne mutum na farko da ya yi mini sallama cikin wata bakwai. Ran Juma'a yakan naɗe mini hanta a jarida, ya ce wannan da hannunsa ya yanka, da bisimilla. Wata rana yana ciro mini tsokar ya ce, "Me kuke ce mata da harshenku?"

Na ce, "Ba mu da shi."

"Mu ma aro muka yi." Ya goge wuƙa a cinya. "Ƙasarku ta samu ƴanci, aka aiko ka ɗaukar wa kare nama. Tamu ba ta samu ba tukuna, ni nake yanka masa. Ka ga bambancin?"

Na ce ban gani ba. Ya ce shi ma.

Madam Odil ce ta tona asirin Sarja. Ina durƙushe ina yanka wa Sultan giram ɗarinsa, sai ta kama gefen kwat ɗina da yatsu biyu.

"Ɗana, wa ya ba ka wannan?"

Na ce wani ɗan'uwa ne.

"Ɗan'uwan nan ba ya sonka. Dubi inda maɓallan suke. Ta mata ce."

Hunturu guda cur na yi ina ratsa garin nan da rigar mata, ina tsammanin baƙin fatata ake kallo. Ta karɓa, ta zauna gaban kekenta, ta juya maɓallan, ta buɗe sababbin ramuka, ta miƙo mini. Sai da na fita na jiyo dariyarta daga matakala. Na yafe mata. Ta jira, kuma ba kowa ke jira ba.

Damina ta farko ta wuce a Cadawa saifa ba ta taɓa ko maraƙi ba, Baba ya ce tun daga nesa ta ji labarina. Abin ya fara cina. Na ɗauki alƙalami na yi gyara, irin gyaran matsoraci: "Baba, saifar da nake karatu ba wadda ka sani ba ce. Wata ce can ciki, ƙarama, a ɓoye."

Ya amsa: "Na gane. Uwar saifar ke nan. Ja'e ya ce dama tsofaffinsu sun faɗi tana da uwa. Masu allura na buro sun zo bana, na ce su wuce. Wanda ɗanshi ke bakin rijiya ba ya shan ruwan kududdufi. Ja'e ya ce a tada shanu arewa kafin ruwa, na ce su zamna inda suke, don in ka zo ka iske su kusa."

Na karanta wannan a tsaye, da kwalba a hannu. Na shiga wurin Dokta ba sallama, na kwatanta masa cutar. Ya gane ta tun ban gama ba. Su gawayi suke ce mata. Na tambaye shi ko akwai wani magani a nan da ya fi namu.

"Wane magani? Allura ɗaya ce a shekara, tun zamanin kakana aka gama da wannan. Babu abin rubutawa a kai." Ya dafa kafaɗata. "Gobe zan buga waya a kan zancenka."

Ashe maganin tushe shi ne wanda na yi shekaru ina ɗauka a akwatin kwano a bayan raƙumi. Na rubuta a gurguje: "Baba, don Allah ka bari a yi wa shanu allura, ko ka bar Ja'e ya tashi." Ya amsa cewa ya san halina, kunyar tsofaffin abokan aikina nake ji, kada in damu da su, kowa da rabonsa.

Sai na rubuta ta gaskiya. Shafi ɗaya ce, babu karin magana a ciki. Na sa kalmar kare sau huɗu, kyanwa sau biyu. Na ce ban taɓa saniya mai rai ba tun da na bar gida, na ce ni na ari sunan saifa na liƙa wa abin da ba shi da suna. Na liƙe ambulan na sa a aljihun kwat. Akwai akwatin wasiƙa a kan hanyata ta mahauta, kullum sai na tsaya a gabansa. Ina ɗaga hannu sai in ji muryar Baba a zaure, da ƙarfi, gaban liman da Ja'e da masu gaisuwa, yana haɗa baƙaƙen nan: ka, re. Sai in ce gobe. Ashe ba fankireyas kaɗai na koya a gidan Dokta ba.

Mako biyar tana aljihu. A na shida tasa ta iso, gajera.

"Ruwan farko ya sauka ran Laraba. Lakol ta fara faɗuwa. Cikin kwana tara shanu ukku suka saura. Ja'e ya feɗe ɗaya don fata, baƙin maruru ya fito mishi a hannu, yana jinya. Kada wannan shi tada maka hankali ga karatu. Ka ƙare, ka zo da maganin."

A makon nan aka ɗora Sultan a sikeli, ya ƙara kilo shida. Gashinsa yana sheƙi. Madam Odil ta kama hannuna ta sumbata, ta ce Allah ne ya aiko ni daga Afirka. Ban yi mata gardama ba. Wani dai ya aiko ni. Wasiƙar aljihu kuwa ba ta da sauran aiki, na juya bayanta na rubuta awon Sultan.

Goben Dokta ta zo tare da ƙarshen wa'adina. Wurin shanu bai buɗe ba. Aka ba ni takarda mai hatimi biyu, tana shaida cewa Mushe Izufu ya ƙware a cututtukan fankireyas na karnuka da kyanwoyi. Na bar wa Ammi Sa'idu kwat ɗin, na gaya masa yanzu ta maza ce.

Na iso Cadawa bayan an roro gyaɗa. Baba ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Ja'e ya kawo shanu ukun da suka rage, ya ɗaure su a ƙofar gida, ya yi arewa da iyalinsa bai yi sallama ba. Na shirya wa faɗa tun daga Marsai, har na tsara amsoshi. Amma Baba ya riƙe hannuna ya ce, "Damina ɗaya ka makara. Ba laifinka ba ne, jirgi ba naka ba ne." Ya karɓi takardar, ya juya ta sama da ƙasa, ya shafa hatimin, ya sa aka rataye ta a zaure.

Ran kasuwa ya ce in sa rigar kaki in biyo shi. Muka ratsa ƴan gyaɗa, muka ratsa ƴan gishiri, yana tsayawa kowane taku yana cewa ga shi ya dawo. Mutane suka biyo mu. Ya nufi rumfar Tanko mahauci, wanda ya kada bijimi da safe, kayan ciki na tare a kan tabarma.

"A'a, likita ya sauka!" in ji Tanko. "Malam Habu, wannan ne mai saifar? Ka tafi siriri ka dawo siriri, su Nasara ba sa ba baƙo tuwo ne?"

Baba ya ce, "Bar shi, karatu ke cin shi. Isufu, nuna musu. Nuna musu uwar."

Tanko ya ɗago saifa da bakin wuƙa. "Ga ɗiyar dai."

Da na ga dama da na nuna kowane abu a tabarmar nan, in yi Faransanci a kai, a watse ana sa mini albarka. Na durƙusa, na ɗaga tumbi, na bi farkon hanji da yatsa. Hannuna ya san hanya ko ido a rufe. Na ciro ta, fatsi-fatsi, tana reto.

"Wannan na karanta, Baba. Ba saifa ba ce. Ba ta da dangantaka da saifa, sai maƙwabtaka."

"Ta shanu?"

"Ta karnuka. Da kyanwoyi."

Wani a baya ya yi dariya, ya haɗiye rabi. Baba bai dube ni ba. Ya daɗe yana kallon abin da ke hannuna, kamar yadda yake kallon baƙin da ya shige masa a wasiƙa. Sannan ya juya ga mahauci.

"Tanko, mi ne ne sunan wannan?"

"Wannan? Ai ba ta da suna, Malam. Ba mai saye. Ta karnuka ce."

Ya karɓe ta daga hannuna, ya datsa ta uku a kan kututture, ya jefa ta bayan rumfa, inda karnuka uku ke jira kamar kowace ran kasuwa. Na auna da ido. Giram ɗari-ɗari ne.